Yadda Kura Ta Rasa Gonar Akuya

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

A wani garin dabbobi, da gayya ake noma. Yau a taru a gonar wannan, gobe a ta wancan. Wanda ya ƙi fita sau uku, sai a karɓe gonarsa a ba Sarkin Noma. Sarkin Noman kuwa Kura ce.

To akwai Akuya, mai wata gona a bakin fadama da ta gada wurin uwarta. Ba raguwa ba ce, taurin kai ne Allah ya zuba mata. Da ta ji an ce "dole", sai ƙafafunta su ƙage, ko da ita ta faɗa wa kanta. Kura ta san wannan hali sarai, ga shi ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan gonar.

Ranar gayyar farko, Akuya ta saɓa fartanya ke nan, sai ga Kura a ƙofa. Ta ce, "Ke Akuya, dole ki fito."

Akuya ta ce, "Dole? Ni?" Sai ta yar da fartanya, ta koma ta kwanta.

Abin ya dame ta, sai ta je wurin Jaki. Ta ce, "Yaya Jaki, me kake gaya wa kanka ka tashi?"

Jaki ya ce, "Ni dai sai in tuna ana jirana. Ba na son in ba mutane kunya."

Ranar gayya ta biyu, sai Akuya ta ce wa kanta, "Ana jirana, dole in je." Sai ƙafafu suka ƙage. Sai ga Kura da tata dolen. Akuya ta ce, "Su yi ta jira." Ta kuma kwanciya.

Saura ɗaya. Tsoro ya kama ta, sai ta je wurin Bushiya, ta yi mata tambayar da ta yi wa Jaki. Bushiya ta ce, "Ni ba na motsi sai na san dalili. Me zan samu? Wanda ya aike ni me zai samu?"

A hanyar komawa Akuya ta biya ta gonarta. Sai ta hangi Kura a durƙushe, har ta fara dasa gamba a kan iyaka, yadda mai sabuwar gona yake yi. Ran Akuya ya ɓaci ƙwarai. Ta ce, "Ashe ina taƙama ba mai juya ni, alhali Kura na juya ni kamar waina a tanda."

Ranar gayya ta uku, sai Akuya ta ce wa kanta, "Ba wanda ya sa ni. Gonar uwata ce, ina son abata, kuma na ga dama." Sai ƙafafu suka miƙe garau.

Kura ta zo da dolenta, ta tarar ɗaki ba kowa. Ta ruga wurin gayya, sai ga Akuya tana ta sharɓar noma. Kura ta tsaya a kanta ta ce, "Dole ki sunkuya." Akuya na noma. "Dole ki gama wannan gefen." Akuya na noma. "Ke, ba ki ji na ce dole ba?"

Akuya ta ɗago ta ce, "Na ji, ranki ya daɗe. Ki ce yi, ki ce bari, duk bakinki ne. Ni ganin dama ya fito da ni. In kin gama, je ki tuge gambarki, don gobe gayyata ce."

Duk aka juyo ana kallon Kura, ta rasa inda za ta sa kanta. Washegari kuwa, da ita aka nome gonar Akuya, tana gumi tana ƙunƙuni.

Kun ji ko? Kowa da maganar da ke tashinsa, kar ka ari ta wani. Kuma mai ƙin abu don kawai an ce ya yi, shi ma jan sa ake da igiya.

Ƙurunƙus, ta ƙare a bakin fadama.