Jikokin Tsibiri

Akwai wani mutum mai gida a bakin babban kogi, yana kuma da gonar shinkafa a kan wani tsibiri, can tsakiyar ruwa. Ya aiki ƙaramin ɗansa Nomau ya zauna can da matarsa, ya ce masa, "Ku da duk abin da za ku haifa 'yan gidan nan ne. Ruwa ba zai raba mu ba."

Shekaru suka wuce. Kowace kaka kwalekwale yakan iso cike da shinkafa, mutanen gida su ci su lashe hannu, amma ba mai ƙetarewa ko don gaisuwa. Shi kansa wanzamin gidan matsoracin ruwa ne, bai taɓa zuwa ba. Saboda haka 'ya'yan Nomau suka tashi kumatunsu sumul, ba zanen gida irin wanda ake yi wa kowane jariri.

Wata damina kogi ya cika ya batse. Tsohon ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya kafa sanda a bakin ruwa ya koma gida, ko tabarma bai taka ba ya dawo, ya tarar ruwa ya shanye sandar. Itatuwan tsibirin da yake hangowa sai ƙara gajarta suke yi. Tsoro ya kama shi ƙwarai.

Ya kira babban ɗansa Jatau, ya ce, "Maza ka ɗauki kwalekwale ka kwaso su, a share musu ɗakuna."

Jatau ya ce, "Baba, Nomau dai namu ne. Amma yaran nan wa ya san su? Ba zane a fuskarsu, maganarsu ma irin ta masunta ce. Ga gida a cike. A kai su wancan ƙetaren mana."

Tsohon ya dube shi, ya ce, "Da shinkafarsu take zuwa, ka taɓa neman zane a jikin buhu?"

Bai jira amsa ba. Ya tattare rigarsa ya shiga kwalekwale, ya ɗauki filafili. Ya ce, "In su ba 'yan gidan nan ba ne, to, ni ma baƙo ne. Na tafi wurin iyalina."

Kunya ta lulluɓe Jatau. Ya faɗa cikin ruwa har ƙirji, ya kama kwalekwalen, ya karɓi filafilin. Suka kwaso kowa da rai, tsohon kuwa ya zaunar da jikokin nan a kan tabarmarsa.

Ma'anar wannan misali ita ce: maigidan nan Ubangiji ne, wanda ba ya manta alkawarinsa saboda nisa. Tsibirin shi ne duk inda 'yan'uwanmu suke zaune nesa da idonmu, ko ƙaramar ikkilisiya ce a ƙauye, ko yanki ne a ƙetaren teku da wata ƙasa take cewa nata ne. Hukumar da ta ce ƙasar tata ce, to, mutanen ƙasar ma nata ne, da cikakken 'yanci irin na 'yan gida.

Jatau kuwa, kada ku waiwaya kuna neman sa, mu ne. Mun iya karɓar shinkafa, sai ranar ambaliya mu fara duba kumatu. Ku tuna, 'yan'uwa, mu ma ba mu da zane sa'ad da Uba ya ƙetaro domin ya ɗauko mu.