Koren Wuri a Wayar Inna Laure

Delu ce ta fara ba ni wannan labari, wadda gadonta ke kusa da nawa lokacin da aka yi mini aikin ido a Funtuwa. Mutanen labarin 'yan layinsu ne, ta san su ciki da waje. Ku matso ku ji, don in na gama ku za ku yanke hukunci. Ni na kasa.

Akwai wata tsohuwa, Inna Laure, mai ciwon suga, ga ido ya yi rauni, kuma ba ta yi boko ba. Ɗanta Mantau yana Kaduna, aikinsa ƙera manhajar waya. Da ya ga tana mance magani, kuma in za ta kira mutum sai ta nemi mai duba mata suna, sai ya zauna ya ƙera mata wata 'yar manhaja, tata ita kaɗai, ya zuba muryarsa a ciki. Da hantsi wayar za ta ce, "Inna, an karya? To a sha farar ƙwayar, kar a yi mini wayo." Da la'asar ma haka. Ya kuma yi mata manyan wuraren dannawa masu launi, kowane launi da mutuminsa. Na sama, kore, nasa ne. In ta danna, kafin kira ya shiga sai muryarsa ta ce, "Ɗan jira, Inna, ba ke kaɗai ba ce, yanzu za a ɗauka."

Sai Allah ya karɓi Mantau a hanyar Zariya.

Mutane sun yi mamakin yadda Inna Laure ta jure. Abin da ba su sani ba, kullum ɗanta yana yi mata faɗan magani, ita kuma tana rama masa. In kewa ta taso, sai ta shiga ɗaki ta danna koren, ta ji ya ce ba ita kaɗai ba ce, ta yi maza ta kashe kafin matar kamfani ta ce layin a rufe yake. Shekara biyu tana haka, har ranar da wayar ta suɓuce daga ƙugunta ta faɗa rijiya.

Babban ɗanta, Alhaji Nomau, ya sayo sabuwa mai tsada a ranar. Amma sabuwar bebiya ce. Hantsi ya zo ya wuce shiru, la'asar ta zo ta wuce shiru. Ba gardama take yi ba, in an miƙo magani takan karɓa ta riƙe a hannu tana jira, har ya jiƙe da gumi. Ta ce wa Delu ranar rijiya ce ranar da ta yi rashin ɗa, ranar hatsarin kuwa labari kawai ta ji. Kafin wata biyu ƙafa ta kumbura, likita ya ce in aka ci gaba a haka ba za ta ga azumi ba.

To ga mutum uku.

Ta farko Zulai ce, matar marigayin. Lokacin rabon gado dangi sun so a sayar da kwamfutarsa, ita kuwa ta ce a sa mata ita cikin tumunin takabarta. Aka ce ta ɗauki firji, ta ƙi, har aka yi mata dariya. Ta naɗe ta a cikin jallabiyarsa ta ajiye a ƙasan akwati, kuma duk duniya ita kaɗai ta san lambar sirrin buɗe ta. Ta riga ta sake aure a Gusau. Da ta ji halin da Inna ke ciki, ta tsaya gaban sabon mijinta ta nemi izinin kai wa uwar tsohon miji kayansa, kun san wannan magana ba ta da sauƙin fita a baki. Ta shigo mota ta kawo. An gaya mata tsohuwar na'ura ce, in aka matsa mata za ta iya mutuwa da duk hotunansu. Ta ce a buɗe. Asalin aikin Mantau da muryarsa duk suna ciki, kuma babu su a ko'ina sai nan.

Sai dai ashe ita ma manhaja da kayan aiki ake ƙera ta, kamar yadda maƙeri ba ya yin fartanya da hannu banza, kuma izinin kayan da Mantau ke amfani da su ya ƙare tun bayan rasuwarsa. Aka kai wa mai gyara a kasuwa, ya sauke irin kayan daga intanet ya buɗe. Ga murya tana fita a kwamfuta, amma ya yi juyin duniya ta ƙi shiga waya. Ya ce aikin ya mutu, a haƙura. Inna Laure ta juya fuska bango.

Na biyu Jatau ne, abokin Mantau tun suna makaranta, yana aiki a Fatakwal. Shi ba ya ƙera manhaja, amma shi ke zaɓa wa maƙeran ofishinsu kayan aiki. Hutun kwana uku aka ba shi, biyu suka tafi a hanya. Yana dubawa ya ce aikin lafiyarsa ƙalau, kayan ne ba su ba. Ya ce sunansu ɗaya amma iri uku ne. Akwai na kyauta, na masu koyo: za ka buɗe, ka rubuta, ka gwada, amma ba ya fitar da aiki zuwa waya, kuma shi ne wanda mai gyara ya sauke. Akwai na tsakiya, na mai sana'a shi kaɗai, shi ke fitarwa. Akwai babba, na kamfanin da mutum ɗari ke aiki kan abu ɗaya.

Alhaji Nomau ya ce a ɗauko babban, uwarsa ba za ta yi amfani da na tsakiya ba.

Jatau ya ce, "Yaya Alhaji, wannan ba shadda ba ce. Tukunyar gidan biki kake so ka saya don dafa wa Inna kunu kofi ɗaya."

Ya yi kwafin aikin wuri biyu kafin kowa ya sake taɓawa. Sannan ya faɗi abin da ya ceci maganar. Da aka ji kuɗin, ashe na tsakiyan ma ya fi ƙarfin gidan a lokacin, amma ana ba da shi gwaji kwana talatin, sau ɗaya tak, kuma ranar da ka buɗe ranar kwanakin ke fara tafiya. Alhaji har ya miƙa hannu a danna, Jatau ya riƙe. Ya ce a koya da na kyauta, a yi duk gyaran da sabuwar waya ke buƙata da shi, sai an shirya tsaf a buɗe na tsakiya a fitar. Ya rubuta komai a takarda ya koma.

Ta uku Shafa'atu ce, ƙanwar Mantau, malamar lissafi a firamare, mai 'ya'ya huɗu. Ba ta taɓa ƙera ko da maɓalli ɗaya ba. An ba ta gurbin ƙarin karatu a Kano wanda ta yi shekara uku tana nema, ta bar shi ya wuce. In ta taso makaranta sai ta shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar tsakar gida, ta bi rubutun yayanta layi-layi. Wani wurin ya bar wa kansa tuni, irin su nan Inna ba ta son ƙara da yawa, sai ta rufe kwamfutar ta yi kukanta ta sake buɗewa. Kuma ta gano dabara: da hantsi ya yi sai ta leƙo daga makaranta ta ɗauki kwamfutar ta kai bakin gadon Inna ta kunna muryar, a sha magani. Da haka aka riƙe tsohuwa wata huɗu. Sannan ta yi bisimilla ta buɗe na tsakiya. Sau tara tana fitarwa waya tana ƙi. A kwana na ashirin da takwas, da hantsi, sabuwar waya ta buɗe baki ta tambayi Inna ko an karya.

Inna Laure ta ce, "An karya, mai baƙin naci." Ta haɗiye ƙwayar ko ruwa ba ta nema ba.

Da ɗaki ya watse ta lallaɓa ta danna koren. Ya ce mata ba ita kaɗai ba ce. Daɗi ya sa ta manta ba ta kashe ba, sai ta ji kira yana shiga, sai ta ji an ɗauka. Wani baƙon mutum ne, da hayaniyar tasha a bayansa, yana tambayar wa ake nema. Ashe layin da ya daɗe a rufe ana ba wa wani.

Shafa'atu ta ce dole a canza lambar, ko a cire koren gaba ɗaya. Inna ta ce ba za a cire ba. Ta ce ɗanta ya yi alkawari za a ɗauka, to a sa lambar wanda ya dawo mata da shi, don in ta danna a ɗauka da gaske. Wurin kuwa lamba ɗaya yake ɗauka. Zulai ta ce ita ajiya kawai ta yi. Jatau ya ce shi hanya kawai ya nuna. Shafa'atu ta ce ita abin da aka ajiye aka kuma nuna mata ta bi. Da Delu ta baro gida, koren yana nan babu lamba, Inna tana shafa shi da yatsa ba ta dannawa.

Ni dai washegari, da ƙyalle a idona, na sa aka kira mini ɗana da ke Agadas. Ya ce lafiya, na ce lafiya lau, yi ta magana kawai, ba sai ta yi ma'ana ba. Ya yi ta ba ni labarin tsadar albasa, ni kuwa ina saurare.

To ku da idonku ke gani, kuma kun yi boko, ku gaya mini. Wadda ta ajiye, da wanda ya san kayan da za a ɗauka, da wadda ta zauna ta yi: lambar wa za a sa a wurin Mantau?