Ƙuri'ar Ihu

Tasalla mai waina ta ce Honarabul Ɗanliti bai goyi bayan gina gadarsu a majalisa ba. Ya sa aka kira ta gaban jama'a.

"Kawo takardar da ta nuna haka, ko ki rasa rumfarki."

"Ranka ya daɗe, a ina ake rubuta ƙuri'arku?"

Ya yi dariya. "Ba a rubutawa. Ihu muke yi, e ko a'a."

"Kuma ihun ya wadatar?"

"Ƙwarai kuwa."

"Madalla! Jama'a, kun ji. Ranar zaɓe kada kowa ya ɓata yatsansa da tawada. Mu taru mu yi wa Honarabul ihun e, mu koma gida."

Ɗanliti ya share gumi. "Haba Hajiya, wa ya isa ya taɓa rumfarki?"