Jan Zare a Wuyan Kwalba

Wai ku ba ku gajiya da tambaya ne? Mutum ba zai sha maganinsa cikin kwanciyar hankali ba, sai an tsare shi da ido: "Kaka, me ya sa kike ɗaura zare a wuyan kwalba?" Ina ruwanki, auta? A wuyanki na ɗaura? Na dai san inda kuka kwaso wannan hali.

To, ku zauna. Ke kuma mai latse-latsen waya, tunda hannunki bai san tsintsiya ba, rubuta abin da zan faɗa ki sa a shafin naki. Kada ki ƙara gishiri.

Akwai wani saurayi, ana ce masa Don-me. Yayanku ne, ɗan farin babanku, ku ƙananan ba ku san shi ba sai a hoto. Da bakinsa ya sayi sunan. Don me fanka ke juyawa? Don me kaza ba ta fitsari? Rediyo uku ya kwance a gidan nan don ya ga mai magana a ciki, ɗaya kawai ya iya mayarwa.

Da sikila aka haife shi. In ciwon ya tashi, ƙasusuwansa kamar ana sara da gatari. Amma ko ana ƙara masa ruwa a asibiti, sai ya tsare nas: don me ɗigon yau ya fi na jiya sauri? Ya kuma san sunan kowa a ɗakin, ya san wanda ba a zo dubawa ba, ya tura masa rabin abincinsa. Abincin da aka sha wahalar dafawa, don Allah!

Yana da kaka, tela ce. Kada wanda ya kalle ni, na ce wata tsohuwa.

Tsohuwar nan ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuma ga abin da ta rasa ba. Da ido take awo. Ta dube ki sau ɗaya, ta yanka, riga ta zauna miki kamar a jikinki aka saƙa. Ba ta rubuta komai, da zare take shaida kayan mutane. Abu ɗaya ne ba ta yi a duniya: ba ta tambaya. A wurinta mai tambaya ya tallata jahilcinsa ne.

Ranar da jiki ya yi sauƙi, Don-me yakan kwanta a tabarma gefen keken ɗinkinta, ya hana ta sakat.

"Kaka, don me wannan yadin ke da farin zare?"

"Na safe ne, da shi zan fara."

"Baƙin fa?"

"Sai yamma. Ka rufe min baki."

"To jan fa, uwargida?"

"Uwargidan wa? Allah ya sawwaƙe in auri mai surutu. Ja, ba a sa masa almakashi sai an tambayi mai shi."

Ya tashi zaune. "Ashe dai kina tambaya!"

Ta jefe shi da kwarkwaron zare.

Ita ke ba shi magani, don iyayensa na fita aiki. Kwalba biyu ne. Mai murfi shuɗi na kullum, mai murfi fari kuma mai ƙarfi ne, sai ciwo ya tashi. Shekara da shekaru ba ta taɓa kuskure ba.

Sai wata rana aka sayo sababbi, duka biyun da farin murfi. Uwarsa na ɗaura ɗankwali za ta fita, ta ce, "Inna, in nuna miki?"

Ta ce, "Ni za ki nuna wa? Tun ba a haife ki ba nake ba da magani."

Ta ɗauka da ido, yadda take awo. Ta ba shi da safe, ta ƙara da rana. Shi kuma abin da ya fito daga hannunta ba ya dubawa. Nan kaɗai tambayarsa ba ta kai ba.

La'asar ta yi, yaro bai tashi ba. Ta girgiza shi, kai ya langaɓe. A motar maƙwabci aka kai shi asibiti.

Da ya farfaɗo washegari, likita ya ɗaga kwalbar, ransa a ɓace. "Wa ya ba shi wannan har sau biyu? Ba a karanta ba ne?"

Tsohuwa na tsaye a ƙafar gado. Don-me ya dube ta sau ɗaya, ya mai da ido kan likita.

"Ni na ɗauka da kaina. So nake in ga bambancinsu."

Kowa ya yarda, ai an san halinsa. Babanku ya yi masa faɗan da bai taɓa yi ba, a gaban mutane. "Tambayarka ce za ta kashe ka! Ka kwance rediyo, yanzu kanka za ka kwance?" Yaro ya sunkuyar da kai ya shanye. Tsohuwa kuwa ta ja bakinta ta yi gum.

Da suka dawo gida ta jira ya yi mata gori. Bai yi ba. Sai ya jawo gwangwanin zarenta, ya ɗaura fari a kwalba ɗaya, ja a ɗaya.

"Mene ne haka?"

"Idona ne, Kaka. In ciwo ya taso, rubutu rawa yake min. Ki taimake ni da dabararki."

Maƙaryacin banza. Idonsa ya fi na shaho.

Shekara huɗu suka ƙara tare. Yana da ashirin da huɗu ciwon ya kama ƙirjinsa, kwana shida a asibiti, Allah ya karɓi abinsa. Ranar ƙarshe ma sai da ya tambayi mai shara don me take fara gogewa daga bakin ƙofa. Ban ce ku yi kuka ba. Auta, share hancinki.

Bayan shekara uku, tsufa ya kawo wa tsohuwa nata rabon: hawan jini da ciwon suga. Ta hana kowa raka ta, ta ɗauki takardar likita ta tafi wurin mai kemis na bakin titi, inda aka saba sayen maganin yaron. Ya jera mata kala uku, ya yi bayani ratata kamar mai kiran fasinja, ya yi zane-zane da biro a jiki.

"Kin gane, Mama?"

"Na gane mana."

Ko ɗaya ba ta gane ba. Ta miƙa hannu za ta kwashe, sai ya dafe ledar. Ya jawo aljihun tebur, ya lalubo can ƙarshe, ya fito da kwarkwaro uku duk sun yi ƙura. Fari, baƙi, ja. Zarenta ne! Wanda ta yi wata guda tana zargin yaran gida sun sace.

Ya ce, "Jikanki ya bar min ajiya. Ya ce wata rana kakata za ta zo da takardarta ita kaɗai. Za ta ce ta gane. Kada ka yi musu da ita, ba a cin ta a musu. Ka ɗaura mata kawai."

Ya ɗaura fari a na safe, baƙi a na yamma. Na ukun ya ɗaura masa ja, ya turo gabanta, ya naɗe hannu yana jira.

Kun ga rashin kunya? Yaro yana kabari yana ba ni umarni da dokata! Eh, ni ce. Sai me? Dama kun sani, munafukai.

Na tsaya ina hararar kwalbar nan, mutane na jira a bayana. Shekara hamsin ban taɓa sa almakashi a jan zare ban tambaya ba. Na buɗe baki da ƙyar, na ce, "Don me?"

Ya ce wannan in na sha ban ci abinci ba, suga zai faɗi, ina iya zubewa a sume. Ni kuwa da niyyar in haɗiye su duka da sassafe na zo, kafin karyawa, in huta.

Babanku har yau bai san wa ya ba Don-me maganin da ya sumar da shi ba. Ya yi wa ɗansa faɗa a kan laifina, na bar shi cikin duhu shekara goma sha uku. Rubuta, na ce! Ya gani a wayarsa. Gobe da safe kuma ya zo ya same ni, ina nan, ba gudu zan yi ba.

Darasi: Tambaya ba ta rage girman kowa, girman kai ne ke kashe mutum, wani lokaci ma ba mai shi yake kashewa ba. In ba ka sani ba, buɗe baki. In kuma ka rufa wa wani asiri, ka rufa yadda ba zai ji nauyin mayafin ba. Ku tura wa duk mai tsohuwa irina a gida, ku kuma sa yaron nan a addu'a.

To, an gama. Kowa ya tashi ya kwanta. Auta, me kuma? Don me kaza ba ta fitsari? Ban sani ba! Gobe ma tambayi malaminku. Kashe min fitila.