Dokin Jikin Bango

Akwai wani manomi da goɗiyarsa ta mutu, ta bar masa dukushi wanda bai daɗe da barin nono ba. Ba shi da wani abin hawa sai shi.

A ƙauyen akwai wani tsoho, Baba Ishaya, wanda ya san dawakai. Manomin ya kira shi ya duba masa ko dukushin zai yi girma. Tsohon ya durƙusa, ya ɗora bakin igiya a idon sawun dukushin, ya ja ta har inda ƙafar gaba ta haɗu da ƙirji. Ya danne wurin da yatsa, ya juya igiyar sama. Bakinta ya tsaya a iska, can bisa gadon bayan dukushin, daidai kafaɗar manomin.

"Nan zai kai," in ji tsohon. "Ingarma ne, in ya sami ci."

Manomin ya ji farkon maganar, ƙarshenta kuwa ya wuce shi. Ya ɗauki gawayi ya ja layi a bangon barga, daidai inda igiyar ta tsaya. Kashegari ya kwaɓa laka ya gina komin zuba abinci, dogo, irin wanda ya dace da babban doki.

Kowace safiya yakan cika komin da dusa da harawa, ya tafi gona. Dukushin yakan miƙa wuya, amma bakinsa ba ya kaiwa. Sai tantabaru su sauko su ci dusar, awakin maƙwabta su ɗare bisa su janye harawar. In manomin ya dawo ya tarar da komin wayam, sai ya yi murmushi. Yakan tsaya gefen dukushin, ya ɗaga hannu har wajen layin gawayi, yana shafa iska a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa.

Wata rana matarsa Rahila ta tsaya a bakin ƙofa tana kallonsa.

"Maigida, wa kake shafawa?"

"Dokina mana. Ba ki ganinsa?"

"Ni dai bango nake gani. Na ƙasan nan kuwa, haƙarƙarinsa duk sun fito."

"Ke ina kika san doki? Dubi komin, ya lashe tas."

Da ya fita, ta zuba dusa a ƙwarya ta ajiye a ƙasa. Da ya dawo ya gani, ya yi ƙwallo da ƙwaryar.

"Ingarmana ba akuya ba ne," ya ce. Daga ranar ya riƙa kulle bargar, sai tantabaru kaɗai ke shiga ta taga.

Wata safiya ya buɗe ƙofa, Rahila tana biye da shi. Ga dukushin kwance a gindin komin, wuyansa a miƙe, ba ya motsi. A jikin lakar komin akwai sawun haƙoransa, kaɗan ya rage su kai bakin komin. Manomin ya tsallake gawar, ya juye dusa a komin, ya ɗaga hannu ya shafa iska.

"Ka kwana lafiya?" ya ce.

Ma'anar wannan misali ita ce: dukushin shi ne yaron da Allah ya ba ka amana. Igiyar ita ce baiwar da ka hango a cikinsa, kuma ba ƙarya ta yi ba. Amma akwai iyayen da tun ranar da aka ce musu ɗansu zai zama likita ko fasto, ba su ƙara ganin yaron ba. Da likitan suke hira, shi suke yabo a gaban baƙi. Yaron da ke tsoron lissafi, wanda yake so a zauna a saurare shi, yana tsaye a ƙasa yana miƙa wuya.

Ubangiji ya san tsawon da kowannenmu zai kai, duk da haka bai rataye alherinsa a can sama ba. Ya sauko, har aka kwantar da shi a komin dabbobi, inda mafi ƙanƙanta zai iya kaiwa.

In kun koma gida yau, ku sunkuya ku dubi wanda yake tsaye a gabanku. Ku tambaye shi ko ya ci.