Kurege da Tokar Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku da kuka zagaye murhu.

Ta zo mu ji ta, Inna, mun baza kunne.

Wannan a bakin marigayi kakanku na ji ta, Allah ya jiƙansa. Shekara arba'in yana ɗaura amya, bai taɓa kawo mini zuma ba sai da kumburarren ido. Ban iya ta kamarsa ba, amma ku saurara.

Wani mutum ne ana ce masa Jatau, yana da amya guda ɗaya tak a kan ɗorawa, can bayan gonarsa. Kowace Laraba sai ya kwaso toka a murhun matarsa, ya zagaye gindin ɗorawar da ita, don kwarkwasa ba ta son taka toka. Ita kuwa kwarkwasa in ta hau amya, ba zuma kaɗai take sha ba, har 'ya'yan ƙudan zuman take kwashewa.

To, Kurege yana da rami a nan kusa, ga shi da kwaɗayi kamar me. Da rana tsaka, in ƙudan zuma sun tafi kiwo, sai ya haye, ya ɗaga murfin bayan amya, ya zura hannu, ya yago saƙa, ya sauko yana lashe-lashe.

Ran nan Jatau ya zo ya tsaya a kan tokarsa.

Ya ce, "Kurege, sawun wane ne wannan?"

Kurege ya ce, "Wane sawu, Baba Jatau?"

"Wannan mai yatsu huɗu."

"Ai kaza ma yatsu huɗu gare ta."

"Kazar ce ke buɗe murfin amya?"

"Zamani ne, Baba, ba abin da ba a gani."

Jatau ya ce, "To, ka gaya wa kazar, ranar da na sake ganin sawunta, da fatarta zan ɗinka jakar taba."

Kurege ya koma rami, ya shafa fatarsa, ya ji tana nan. Ya ce a ransa, hawan ba shi da laifi, tokar nan ce mai tsegumi. Daga ranar, kafin ya hau sai ya juya baya ya sa jela, shar, shar, shar, ya share ta tas. Jatau ya zuba, Kurege ya share. Jatau ya zuba, Kurege ya share. Jatau ya yi ta zagin iska.

Ba a daɗe ba wata kwarkwasa ta zo wucewa, ta ga gindin ɗorawa fes. Ta ruga gida tana cewa, "Jama'a, an buɗe hanya!" Suka yi layi, suka fara hawa. Murfin kuma da Kurege ke barinsa a karkace, ta nan asu ya shiga ya yi ƙwai, tsutsarsa ta cika saƙa da yana.

Wata safiya Kurege yana shan hantsi, sai Uwar Zuma ta leƙo daga bakin amya, duk ta rame.

Ta ce, "Maƙwabci, ka yafe mu. Jibi za mu tashi."

Kurege ya miƙe zumbur. "Ku tashi zuwa ina, Uwa?"

"Kogon kuka, hayin kogi. Kwarkwasa ta gaba, tsutsa ta baya, 'ya'yana sun ƙare."

Kurege bai iya iyo ba. Ya ce, "Zumar fa?"

"A cikinmu za mu tafi da ita."

Ku da kuke da hankali, kun ce zai je ya mayar da toka. Ina! Cewa ya yi, tun da jibi za a tashi, bari in yi ta bankwana. Rana na take tsaka ya haye. Yau ba hannu ya zura ba, shiga ya yi har ƙugu. Ya sha, ya sha, ya sha, ya fito jikinsa sharkaf, gashi duk ya manne.

Yana saukowa ya yi kaciɓis da layin kwarkwasa.

Ta gaba ta ce, "Kai, yau zuma ce da kanta ta sauko mana, har da ƙafafu!"

Suka rufe shi. Wannan ta kama kunne, wannan ta kama hanci, wata ta kama inda ba a faɗa a gaban yara. Kurege ya faɗo tim, ya zura da gudu yana ihu. Ashe ranar Laraba ce, ga Jatau ya ajiye ƙwaryar toka yana gyara rawani. Kurege ya yi tsalle ya faɗa ciki, ya yi ta birgima, kwarkwasa suka zube suna atishawa.

Jatau ya ɗago shi ta jela. "Yau ga kaza mai jela."

Kurege ya tofar da toka ya ce, "Baba, sassauta, aiki nake yi. Gwada ƙarfin tokarka nake."

"Ka gwada?"

"Tana da kyau ƙwarai."

Jatau ya laluba aljihu yana neman wuƙa.

Kurege ya ce, "Tsaya, Baba! In ka feɗe ni, jaka ɗaya za ka samu, ita ma duk huda. Jibi kuma zumarka ta ƙetare kogi, Uwar da bakinta ta gaya mini. Kai sau ɗaya a mako kake zuwa, ni kuwa nan nake wuni. Bar mini ƙwaryar, kullum in zuba da safe."

"Iskar da ke sharewa fa?"

"Na san gidansu. Zan yi mata magana."

Jatau ya dubi amya, ya dubi Kurege, ya mayar da wuƙa. Ya hura hayaƙi ya hau, ya yanke baƙar saƙar da tsutsa ta ɓata ya ƙone, ya daidaita murfi. Kurege kuma ya zagaye gindi da toka mai kauri, har da ƙari. Kwarkwasa suka zo, suka shinshina, suka juya.

Jibi ya zo, Uwar Zuma ta leƙo ta ce, "Maƙwabci, mun fasa."

Wata Laraba Jatau ya dawo, ya tarar da sawu rututu a cikin toka, ga bakin Kurege yana ƙyalli.

"Kurege, sawun wane ne wannan?"

"Nawa ne, Baba. Mai zuba toka, a ina kake so ya taka?"

 Jatau ya ɗaga kai, ya ga murfi a rufe ruf, ƙudan zuma suna ta kai da kawo. Ya saɓa fartanyarsa ya wuce gona.

Shi ya sa har yau in kun dubi jelar kurege za ku gan ta da furfurar toka.

Ƙurunƙus kan tsutsar amya. Wanda duk zai saci zuma a cikinku, ya fara neman aikin zuba toka, kuma don Allah ya riƙa rufe murfi.