Tukunyar Tasalla a Sudan

Wai jami'a ta zaɓi Tasalla ta je Sudan tonon kayan tarihi, amma tun rasuwar babanta ba ta da mai biya mata kuɗin jirgi. Sai ta nufi Alhaji Ɗanjuma mai shinkafa, mutumin da ba a kayar da shi a musu.

Ya ce, "Yarinya, ba na zuba kuɗi a rami. Faɗi abin da za ki tono. In kin canka, zan biya."

Ta ce, "Tukunya mai kunne uku, Baba Alhaji, da sauran tuwo a ciki."

"Ƙarya kike."

"Wa ya duba?"

"Ai sai an tona."

"Gaskiyarka. Yaushe zan tashi?"

Alhaji ya biya, har ya ba ta kwano ta zubo masa shaida.